Kafin ka kai kaji ko kifi wani gari, ka fara sanin bazararsa: darasi daga Kura



Tambayar da aka fi yi mini a 'yan kwanakin nan ita ce: "Malam, na samu fili mai araha a wajen gari, in fara da kaji ko da kifi?" Kusan kowa da kuɗin fili yake farawa, sai kuɗin gini, sai kuɗin abinci. Da wuya ka ji wanda ya ce ya je ya kwana a garin, ko ya san irin zafin da ake yi a wajen a watan Afrilu. Ni ma haka na yi, kuma na ji a jikina. Shi ya sa yau zan yi bayani a kan yanayin gari da yadda zamansa yake, in ɗauki Kura ta jihar Kano a matsayin misali, tunda nan na sani kuma nan nake kiwo. Ko da ba Kura ka nufa ba, tambayoyin da za ka yi wa garinka su ne dai waɗannan.

WANE IRIN GARI NE KURA?

Kura tana kudu maso yammacin birnin Kano, tafiyar kilomita talatin da ɗoriya ta hanyar Zariya. Tun da can an san ta da rini, daga nan sunan rawanin nan ɗan Kura ya samo asali. A yau kuma shinkafa ce ta fi fito da sunanta, don garin cike yake da injinan casa da masu turara shinkafa.

Abin da ya canja yankin shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ake sako ruwa ta manyan magudanai, yana gangarowa da kansa ba tare da inji ba, ya shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin a kan hekta 22,000, kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Saboda wannan ruwa, a nan noma ba ya tsayawa: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da masara da rani. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da tashar binciken noman rani ta Kadawa duk suna nan kusa.

Ga mai kiwo, wannan abin kwaɗayi ne. Ga ƙaiƙayin shinkafa na shimfiɗar ɗakin kaji a bakin ƙofa. Ga dusa. Ga manoman rani da ke neman kashin kaji ido rufe don taki. Ga kasuwar Kano ba nisa.

YADDA SANYIN JANAIRU YA YAUDARE NI

Bayan na gama karatun harkar kasuwancin noma da hidimar ƙasa, kawuna ya ara mini wani fili a gefen gari. A watan Janairu na fara zuwa dubawa. Iska mai sanyi, gonakin alkama kore shar iya ganinka, ruwa na gudu a magudana. Na ce wallahi nan ne wajen. Na gina ɗaki da bulo har kusan sama, na rufa kwano, na bar 'yan tagogi ƙanana don tsoron ɓarayi da sanyi.

Ƙaramar Sallar 2023 ta faɗo ne a watan Afrilu. Na yi lissafi irin na takarda, na zuba buroila 300 a farkon Maris don su kai sati shida daidai lokacin da kasuwa ke ci. Sati huɗu na farko lafiya lau. Da suka yi nauyi, zafi kuma ya kai maƙura, sai labari ya canja. Wata rana na shiga Kano karɓo abinci, na bar yaro. Tankin ruwa yana sama a rana, ruwan ya yi zafi kamar na shayi, kajin suka ƙi sha. Kafin la'asar 41 sun mutu, kuma manyan ne, waɗanda nake sa ran su fitar da ni. Cikin satin na rasa sama da 70. Ba cuta ba ce, don likitan dabbobi ya duba. Ɗakin da na gina ne ya dafa su, ni kuma ba na nan.

Tun daga ranar na daina kallon shekara a matsayin abu ɗaya. A wannan yanki lokuta huɗu ne, kowanne da abin da yake ba ka da abin da yake ƙwace maka.

BAZARA: MARIS ZUWA MAYU

Wannan ne lokacin da ya fi kashe kaji. Da rana zafi yana kaiwa digiri 38 zuwa 40, wani lokacin ya wuce, a ƙarƙashin kwano kuwa abin ya fi haka. Babbar kaza ta fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24. Jikinta da ma yana wajen digiri 41, ga gashi, ga shi ba ta gumi. Hanyar da take rage zafi ita ce haki da buɗe fukafukai. Da zarar ka ga sun buɗe baki suna haki, sun kwanta sun baje, to cin abinci ya ragu, girma ya tsaya. Masu ƙwai kuma za ka ga ƙwan ya ragu, ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi, saboda yawan haki yana taɓa yadda jikinsu ke haɗa ɓawon.

Abin da na gyara bayan asarata:

Ɗaki ya miƙe daga gabas zuwa yamma, don kada rana ta riƙa shiga ta dogayen ɓangarorin. Bulo layi biyu ko uku ya isa, sauran a sa raga har sama.

A ɗaga rufi, a shimfiɗa ciyawa ko karan dawa a kan kwanon.

Tankin ruwa ya kasance a inuwa, bututu a binne shi. Da tsakar rana ka sa hannunka a mazubin ruwa, in ka ji ɗumi ka zubar ka sake.

A ba da abinci da asuba da kuma bayan la'asar. Narkar da abinci kansa yana ƙara wa kaza zafi, don haka manyan buroila a ɗauke musu abinci a tsakiyar rana, a bar ruwa.

A rage cunkoso. Inda kake sa goma a murabba'in mita ɗaya lokacin sanyi, ka mai da su bakwai ko takwas.

Sinadarin bitamin C da gishirin da ake sa wa a ruwa suna taimakawa, amma ba sa gyara ɗakin da aka gina ba daidai ba.

Tarwaɗa ita tana son ɗumi, ta fi girma a ruwan da ke tsakanin digiri 26 da 30. Sai dai tankin tampol ko na roba da ke zaune a rana yana wuce haka. Ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa tana raguwa, dattin kashi da ragowar abinci kuma ya fi yin illa. Ka yi rumfa, ka cika tankin sosai, ka ƙara yawan canjin ruwa. Kuma ka tuna a wannan lokacin ne rijiyoyi ke ja baya.

DAMINA: YUNI ZUWA SATUMBA

Kusan duk ruwan shekara a watannin nan huɗu yake sauka, Agusta ne kan gaba. Ruwan farko yakan zo da iska mai ƙarfi, wadda ke yaye rufin da aka yi wa aikin ganin ido. Ka duba ƙusoshi da katakai tun a watan Mayu.

Zafi yana sauka, kaji su samu sauƙi, amma laima ta shigo. Shimfiɗa in ta jiƙe tana kawo zawon jini da wari mai yaji da ke shiga ido, ga ƙuda. Ka riƙa juya ƙaiƙayin, ka kwashe inda ya jiƙe, ka tabbata bakin rufi ya fito sosai don feshi. Abinci kuma kada ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora shi a kan katako. Masarar da ta yi fumfuna guba ce ga kaza da kifi, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

A yanki mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gonakin shinkafa irin namu, filin da ka gani busasshe a Fabrairu yana iya zama fadama a Agusta. Mai tafkin ƙasa in bai ɗaga gefensa ba, bai sa raga ba, ruwa ɗaya zai kwashe masa kifi zuwa gonar maƙwabci. Tarwaɗa da ma gwanar fita ce in ƙasa ta jiƙe. Haka nan hanyar da babur mai ƙafa uku ke bi da rani, da damina sai ka ɗauki buhu a ka. A wannan lokaci ne kuma hatsi ya fi tsada, don tsohon ya kusa ƙarewa, sabo bai shigo ba.

Amfanin damina shi ne kifi yana cin abinci sosai, ƙyanƙyasa tana yin kyau, 'ya'yan kifi suna samuwa.

KAKA: OKTOBA DA NUWAMBA

Wannan ne lokacin mai lissafi. Masara da waken suya da dawa suna shigowa, farashi yana sauka, injinan casa suna aiki ba dare ba rana. In kana haɗa abinci da kanka, yanzu ne za ka saya ka ajiye, daga kasuwannin ƙauye ko Dawanau, amma ka tabbata hatsin ya bushe ƙarau kafin ka ɗinke buhu. Abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗin kiwo, don haka ribar shekara sau da yawa a kaka ake ƙulla ta.

Wanda ke son kasuwar Kirsimeti da sabuwar shekara, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba yake zuba 'yan tsaki. Ita wannan kasuwa ba ta motsi. Sallah kuwa tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, saboda haka duk shekara sai ka zauna ka duba a wane yanayi kajinka za su yi nauyi. Wannan lissafin ne ban yi ba a 2023. Oktoba ma tana da nata ɗan zafin bayan ɗaukewar ruwa, kada ka yi saurin rufe ɗaki.

HUNTURU: DISAMBA ZUWA FABRAIRU

Da dare sanyi yana sauka zuwa wajen digiri 12 zuwa 14, da rana kuma a yi ɗumi, ga ƙura da hazo. Manyan kaji suna jin daɗinsa, suna ci suna nauyi. 'Yan tsaki ne ke shan wuya, don a satin farko suna buƙatar digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa ragewa kamar digiri 3 duk sati. Gawayi zai ci kuɗi, kuma dole wani ya tashi cikin dare ya duba. In ka ga sun cure waje ɗaya suna kuka, sanyi suke ji, kuma suna iya danne juna. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rufe ko'ina da leda ruf, hayaƙin gawayi ya rasa mafita. Ka bar kafa ta sama.

Lokacin ne kuma cututtukan numfashi suka fi yawo, musamman wadda ake yi wa rigakafin Lasota, mai share kajin gida a ƙauyuka. Murar tsuntsaye ma, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a farkon 2006, ta fi tashi a irin wannan lokaci. Garin da ke da ruwa a buɗe yana jawo tsuntsayen daji, ga kajin maƙwabta da agwagi suna yawo. Raga mai ƙananan ido, ruwan magani a bakin ƙofa, da hana dillalai shiga ɗaki, su ne katangarka.

Kifi kuma jikinsa yana bin sanyin ruwa. In ruwa ya yi ƙasa da digiri 20 tarwaɗa tana rage ci sosai, abincin da ka zuba ya zauna ya ɓata ruwa. Ka jira rana ta ɗaga kafin ka ciyar, ka rage yawan abincin, ka rufe tanki da dare. Ruwan burtsatse da aka jawo yanzu ya fi wanda ya kwana a tanki ɗumi, da shi za ka yi canji. Ƙwan da ke ƙyanƙyashewa cikin kamar kwana ɗaya a ruwa mai ɗumi, a sanyi yana daɗewa, da yawa su lalace. Shi ya sa 'ya'yan kifi ke wuya a hunturu.

RUWAN MAGUDANA BA NAKA BA NE

Da yawa suna ganin ruwa na gudu sai su ce an gama da matsalar kifi. A yi hattara. Ruwan nan don noma aka sako shi, akan rage shi ko a rufe don gyara, ba kuma da kalandarka za a yi ba. Wanda ya ratso gonaki yana iya ɗauko maganin feshi da taki, yana kuma shigo da ƙananan kifayen daji da kwaɗi. Kafin ka ja ruwa daga magudana ka nemi izini wajen hukuma da ƙungiyar masu amfani da ruwa ta yankin. Ni shawarata, ka mallaki rijiyarka ko burtsatse da famfon sola, na magudana ya zama ƙari. Kaji kuwa kada ka ba su shi sam ba tare da an tsaftace ba.

KAI FA, ZA KA IYA ZAMA?

Nan ne masu lissafin takarda ke tsallakewa. Kaji da kifi ba su san ranar hutu ba. Abin da ya kashe mini kaji cikin awa uku ya faru. Gonar da mai ita ke leƙowa ranar Asabar kawai, sauran kwanaki sai waya, ba ta cika daɗewa ba. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. To in dole ka zauna, sai garin ya zama wanda za ka iya zama a cikinsa.

Daɗin Kura a wajena: kayan miya da shinkafa da rake a kusa, haya ba ta kai ta birni ba, akwai asibiti da makarantu da kasuwa, mota zuwa Kano ba ta yankewa. In da safe aka kira ni cewa 'yan tsaki sun iso, kafin azahar na dawo da su.

Wahalarsa kuma ba zan ɓoye ba. Sauro ba ya hutu, saboda ruwa yana nan rani da damina, don haka gidan sauro dole ne. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, ka sa sola cikin jarinka tun farko. Daren bazara sai a waje ake kwana. In kana da iyali, ko kina da yara 'yan makaranta, a yi shawara da su kafin a tare, don wanda ya saba da birni watannin farko suna yi masa tsawo.

Sai maganar shaƙatawa, wadda wasu ke ɗauka wasa ce. Kiwo yana da gajiya da kaɗaici, ranar asara kuma kana buƙatar inda za ka je kanka ya huce. Ni da yamma, in na gama ba da abinci, nakan taka a kan gaɓar magudana har faɗuwar rana, musamman lokacin alkama. Akwai ƙwallon yamma a filin makaranta, nan na san yawancin samarin da yanzu suke taya ni kama kifi ranar sayarwa. Bayan girbi akan yi dambe da kokawa a garuruwan yankin. In na sayar da zubi na wanke ɗaki, nakan ɗauki babur in nufi Tiga, in zauna bakin ruwa in kalli masunta da kwale-kwalensu, in sayo karfasa. Hira da su ta koya mini abubuwa a kan halin kifi a sanyi da zafi waɗanda ban samu a aji ba. Ta wajen Rano kuma akwai duwatsu ga mai son hawa.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, za ka ga yara suna wanka a magudana lokacin zafi, abin sha'awa, amma irin wannan ruwa yana ɗauke da tsargiya, wadda ke yaɗuwa ta ƙananan dodon koɗi. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai magani. Babbar magudana kuma tana da ƙarfin ja, ba wajen koyon iyo ba ce. Na biyu, in ka dawo daga bakin ruwa ko kasuwar kaji, ka canja takalmi da kaya kafin ka shiga ɗakin kajinka.

Zama da mutane shi ma jari ne. Ka gai da mai unguwa kafin ka sa bulo ɗaya. Ka je jana'iza da suna. Ka kula da inda warin ɗakinka da ruwan kifinka suke nufa, don su ne ke haɗa mai kiwo faɗa da maƙwabta. Ni na ba wani dattijo mai lambu kusa da ni ruwan da nake zubarwa, yana shayar da alayyafo da shi, shi kuma idonsa yana kan gonata in ba na nan. Majalisar da nake zama bayan isha'i ita ce ta fara sayen kajina.

KAFIN KA BIYA KUƊIN FILI

Ka je garin sau uku: tsakar ranar Afrilu, washegarin ruwa mai ƙarfi a Agusta, da asubahin Janairu. In ba za ka iya jiran shekara ba, ka kama haya ka fara da kaɗan.

Ka kwana aƙalla dare biyu. Ka ji sauro, ka ga wuta, ka gwada layin wayarka.

Ka tambayi tsofaffin wajen inda ruwa ke kwanciya da damina, da zurfin rijiya a ƙarshen rani.

Ka nemi mai kiwo ɗaya a garin ka tambaye shi a wane wata ya fi yin asara.

Ka san nisan likitan dabbobi da mai sayar da rigakafin da ke ajiye shi a sanyi.

Ka sayi ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya na ɗaki ɗaya na ruwa, ka riƙa rubutawa safe da rana. Kuɗinsu bai kai na kaji biyu ba.

Ni yanzu tsarina shi ne: buroila da yawa daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, in rage su sosai a bazara, kifi kuma in zuba shi da farkon damina don ya yi girmansa cikin ɗumi kafin sanyi ya shigo. Ɗakin nan na farko na fasa bangonsa na sa raga, kuma tun daga lokacin ban sake barin gona da tsakar ranar bazara ba. Wanda yake Saminaka ko Jos ko Maraɗi, nasa lissafin zai bambanta da nawa, sai ya zauna ya yi shi da yanayin garinsa.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu daga asara. Amin.